Aikin da Ake Binnewa: Tarihin Bututun Ruwan Kaduna da Yadda Ake Gane Gyara na Gari

A cikin dukan ayyukan da ake yi wa gida, gyaran bututun da ke shigo da ruwa daga titi shi ne wanda mai gida ya fi biyan kuɗinsa ido rufe. Idan kafinta ya kafa ƙofa a karkace, kowa zai gani. Idan mai fenti ya yi ha'inci, damina ɗaya ta isa ta tona masa asiri. Shi kuwa mai gyaran famfo yakan kammala aikinsa ne da mayar da ƙasa a kai, ya daddaɓe ta da bayan shebur, ya ce an gama. Daga nan shaidar aikin tana ƙarƙashin ƙasa. Kuma a yawancin unguwannin da ke arewa da Kogin Kaduna, tun daga Kawo har Tudun Wada, ba abin mamaki ba ne a ce ranar da aka yi gyaran babu ko ɗigon ruwa a layi, balle ya gaskata mai gyaran ko ya ƙaryata shi.

A garin da ruwan famfo ba ya yankewa dare da rana, ƙarfin ruwan shi ne alƙali. Ana buɗe makulli zai yanke hukunci nan take, mai gyara yana tsaye bai ko wanke hannu ba. A Kaduna alƙalin nan ba kullum yake zama ba. Yadda aka yi haka ta faru labari ne na fiye da shekara ɗari, kuma wanda ya san labarin ya fi sanin abin da zai duba idan an buɗe rami a ƙofar gidansa.

Garin da kogi ya zaɓa wa wuri

Lokacin da Gwamna Lugga ya dawo Nijeriya a 1912 da shirin haɗe Arewa da Kudu, ya riga ya fid da rai da Zungeru a matsayin hedikwata. Yana neman wuri a kan layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911, kusa da kogin da ba ya ƙafewa ƙaf, kuma nesa da ganuwar wani babban sarki. Inda jirgin ƙasa ya ƙetare Kogin Kaduna, a ƙasar Zazzau, cikin ƙauyukan Gbagyi, ya cika waɗannan sharuɗɗa. Sojoji suka fara sauka a 1913, ofisoshin gwamnati suka biyo baya a 1917.

A wannan shekara ta 1917 aka yi dokar tsara garuruwa wadda ta raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, tare da barin fili mai faɗin yadi 440 a tsakani da ba a gini a cikinsa. Hujjar da aka bayar ita ce sauro da zazzaɓi. Ruwan famfo, da ya zo, wannan taswira ya bi. Gidajen gwamnati da barikin soja su ne suka samu bututu har cikin ɗaki, sauran jama'a kuwa rabonsu famfon kan titi da rijiya da 'yan garuwa. Ma'aikatar ayyuka ta PWD ce ta gina gidajen, ita ta shimfiɗa bututun, ita ke da zanensa a ofis, ita ke da kayan gyara a sito, kuma mai gyaran ma'aikacinta ne da ke da shugaba a kansa. Idan haɗi ya yi yoyo, an san wanda ya yi shi. A ɓangaren talakawa kuma akwai duba-gari, mai leƙa randa da kwata da masai, wanda tsofaffi har yau suke ba da labarin tsoronsa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yabon wancan zamani ne. Tsarin ya yi aiki ne don mutanen da yake yi wa hidima ba su da yawa. Abin lura kawai shi ne, aikin duba ingancin gyara a lokacin nauyi ne na hukuma, ba na mai gida ba.

A nan Kaduna ta bambanta da tsofaffin biranen Hausa. A Kano, aikin ruwan Challawa da aka buɗe a 1931 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e aka yi shi, ya kuma shigo garin da tun tuni kowace sana'a ke da shugabanta. Magina suna da Sarkin Magina, maƙera suna da nasu, kuma a Zariya sarautar Babban Gwani tana tuna mana da Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin a ƙarni na 19. Wanda magini ya cuta ya san inda zai kai ƙara, kuma wanda zai saurari ƙarar ya san aikin. Kaduna kuwa garin gwamnati ce, gyaran famfo kuma baƙuwar sana'a ce da ba ta da tsohuwar sarauta. Sarkinta shi ne babban ma'aikacin PWD. Da garin ya fi ƙarfin ma'aikatar, sai kujerar ta zama babu kowa a kai.

Kuma ya fi ƙarfinta da wuri. Masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, mutane suka yi ta kwarara. Ƙidayar 1963 ta ba garin kimanin mutum 150,000. A 1967 Max Lock da abokan aikinsa suka wallafa babban binciken da suka yi wa gwamnatin Arewa, da tsarin yadda Kaduna za ta bunƙasa har zuwa 2017. A shekarar ce aka rushe Jihar Arewa aka yi jihohi, yaƙin basasa kuma ya ɓarke. Jihar Arewa ta Tsakiya ta kafa hukumar ruwanta a 1971. A cikin shekarun 1970 aka gina madatsar Kangimi a ƙasar Igabi, don a riƙa sako wa kogin ruwa idan rani ya tsananta. A 1979 Bankin Duniya ya ba da rance don faɗaɗa aikin ruwan Kaduna, a 2004 kuma jihar ta shiga wani shirin bankin na gyara harkar ruwan birane tare da Ogun da Enugu. Dokar 2016 ta mayar da hukumar kamfanin gwamnati mai suna KADSWAC. Matatun ruwa biyu na Malali, sabuwa da tsohuwa, an tsara su ne don tace lita miliyan 150 da lita miliyan 90 a rana.

A takarda wannan ruwa ne mai yawa. Sai dai abin da aka tsara daban, abin da ke isa famfo daban. Ruwan Kaduna ba gangarowa yake yi daga tsauni ba, injuna ne ke ɗago shi daga kogi su tura shi cikin gari, don haka duk ɗaukewar lantarki ɗaukewar ruwa ce. Garin kuma ya haura mutum miliyan ɗaya tuni. Bayan rikicin shekara ta 2000 da na 2002, iyalai da yawa sun sauya gefen kogi, unguwanni irin su Rigasa da Hayin Banki da Rafin Guza suka cika suka batse kafin babban bututu ya iske su. Wanda gidansa ke nesa da layi sai ya sayi siririn bututu ya jawo da kansa, maƙwabcinsa ma haka, har ka ga bututu goma sun jeru cikin kwata ɗaya kamar taliya. Aikin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna ya kuma gina gadar sama a Kawo, amma duk inda katafila ta shiga tsohuwar unguwa sai ta ci karo da abin da aka binne, kuma mazauna wurare da dama sun koka da yankewar ruwa a bayansa.

Saboda haka abin da ke ƙarƙashin titunan arewacin Kaduna tarihi ne hawa-hawa. Akwai manyan bututun ƙarfen zubi da na siminti mai haɗe da asbestos, irin waɗanda aka shimfiɗa a biranen Nijeriya kafin 'yancin kai da bayansa. Akwai bututun ƙarfe mai rufin tutiya, wanda masu sana'a ke kira GI, da ke shiga tsofaffin gidajen Unguwar Rimi da Unguwar Sarki. Sai robar PVC, sai baƙar roba mai lanƙwasuwa da ake sayarwa a naɗe, sai koren bututun PPR da ake haɗawa da injin zafi. Gyara ɗaya a ƙofar gida ɗaya yakan haɗa zamani biyu ko uku, kuma a mahaɗar zamunan nan ne yawancin yoyo ke farawa.

Abin da Landan da Libaful suka koya

Ba Kaduna ce ta fara rayuwa da ruwan da ke zuwa yana tafiya ba. A tsakiyar ƙarni na 19 kamfanonin ruwan Landan 'yan sa'o'i kawai suke sakin ruwa, kowane gida ya tara a tanki. Da aka matsa musu su riƙa bayarwa dare da rana, sai suka ce ba zai yiwu ba muddin famfuna da haɗe-haɗen cikin gidaje suna zuba, domin rabin ruwan a ƙasa zai ƙare. Dokar ruwan birnin ta 1871 ta haɗa abubuwan biyu wuri guda: ruwa ba yankewa, da ƙa'idojin irin kayan da za a sa a gida, da ikon shiga a duba.

A Libaful, injiniya George Deacon ya ƙirƙiro wata mita a 1873 wadda ke rubuta yawan ruwan da ke shiga unguwa awa bayan awa. Tunaninsa mai sauƙi ne. Da tsakar dare mutane suna barci, don haka duk ruwan da ke tafiya a lokacin yoyo ne. Ma'aikata suka riƙa zagaye da dare suna rufe makullai ɗaya bayan ɗaya, suna kara sanda a kunne suna sauraron bututu, har su gano gidan da ke zubar da ruwa. Da wannan dabara garin ya koma samun ruwa ba yankewa. Za mu sake komawa kan dabarar Deacon, don har yau babu wadda ta fi ta araha.

Abin da ya sa wannan tarihi ya shafe mu ya wuce asarar ruwa. Bututun da ke cike da ruwa mai ƙarfi, idan yana da ɓula, waje yake fesawa, ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. Idan aka ɗauke ruwa kuwa, sauran da ke ciki yakan gangara zuwa unguwannin kwari, ya bar bututun tudu fanko yana zuƙo iska, kuma ta ɓular da ruwa ya fita jiya, ta nan abin da ke kewaye zai shiga yau. Idan bututun cikin kwata yake kwance, ko kusa da sokawe, mai karatu ya san abin da zai shiga. Masu haɗa injin jan ruwa kai tsaye da layin gwamnati suna ƙara tsananta wannan zuƙa, su da maƙwabtansu duka. A tagwayen garuruwan Hubli da Dharwad na Indiya, inda aka mayar da wasu unguwanni kan ruwa ba yankewa aka bar sauran yadda suke, binciken Emily Kumpel da Kara Nelson da aka wallafa a 2013 ya samu ƙwayoyin cuta sun fi yawa a famfunan da ruwansu ke yankewa, musamman a ruwan farko da ke fitowa bayan an sako. A ƙasar da kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a 2021 kaɗai, ta kashe sama da 3,000, mafi yawansu a Arewa, haɗin bututun da bai kama ba ya wuce maganar lissafin kuɗin ruwa.

A bakin ramin

Tun da hukuma ta janye daga ƙofar gida, kuma ƙarfin ruwa ba kullum yake nan ba, aikin dubawa ya faɗo kan mai gida, ko likita ne ko lauya ko malamin jami'a da bai taɓa riƙe sifana ba. Lokacin dubawar kuma ɗaya ne, wato kafin a mayar da ƙasa. Tun ran gini, tun ran zane.

Abu na farko shi ne a nemi ganin guntun da aka yanke aka cire, domin shi ke faɗin dalilin lalacewar. Idan roba ce ta tsage a tsaye, galibi bututun bai kai ƙarfin ruwan ba, ko rana ta gasa shi ya yi gautsi. Idan ya lotse, nauyi ne ya danne shi, ma'ana bai yi zurfi ba a inda mota ke bi. Idan haɗi ne ya zare, aikin wanda ya gabata ne bai yi kyau ba. Idan kuwa GI ne aka ga cikinsa ya cushe da tsatsa har ƙofar ruwan ba ta wuce kaurin fensir ba, to duk layin haka yake, kuma sauya taku biyu a cikinsa matsar da yoyon ne kawai zuwa gaba kaɗan. Mai gyaran da ya san aikinsa zai faɗi haka ko da mai gida ba ya son ji. Wanda ya jefar da guntun kafin a gani, ko ya kasa cewa ga abin da ya jawo, ya toshe ɓula ne, bai yi gyara ba.

Sai kayan da aka sa. Bututun roba iri-iri ne, kuma a ido suna kama da juna. Akwai na ɗaukar ruwa mai ƙarfi, akwai na zubar da ruwan wanka, akwai na zura wayar lantarki, biyun ƙarshe kuma sirara ne masu araha. Na ƙwarai yana da rubutu a jikinsa da ke nuna faɗinsa da ƙarfin da zai iya ɗauka. A karanta rubutun da ido. A kuma tabbata faɗin sabon ya yi daidai da na tsohon, don wanda ya sa ƙarami a tsakiyar layi ya shaƙe wa gidan wuya har abada.

A kan haɗi nake so in daɗe, domin a nan ne aka fi yin ha'inci, sau da yawa ma ba da niyya ba. Dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce a kunna takarda ko leda a gasa bakin bututun PVC har ya yi laushi, a cusa ɗayan a ciki. Yana kamawa, yana kuma da kyan gani, amma wutar ta rage kaurin robar ta ƙona ta, wurin ya zama mafi rauni a layin gaba ɗaya. Alamarta baƙin hayaƙi ko ruwan ƙasa-ƙasa a bakin haɗin. Ƙanwarta ita ce a yanka robar tayar mota ko ta babur a naɗe ɓular tam. Wannan taimakon gaggawa ne na kwana ɗaya, kuma ko ya hana ruwa fita da yawa, ba ya hana ƙazanta shiga. Haɗi na gari da soket ake yinsa, a yanke bakin bututu daidai, a goge shi, a tabbata ya bushe babu laka, a shafa gam a ɓangarorin biyu, a tura har ƙarshe, a kuma ba shi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin kafin a sako ruwa. Gam ɗin PVC narkar da fuskar robar yake yi ya haɗe su, shi ya sa ba ya kama jiƙaƙƙen bututu, ba ya kuma kama baƙar roba mai lanƙwasuwa ko kaɗan, wadda nata haɗin na ɗaurewa ne da murfi mai zare.

Akwai wata wahala da duk mai gyara ya sani. Bututun da ke binne ba ya motsi ta kowane gefe, don haka shigar da sabon guntu a tsakiya yana buƙatar ko dai a tone rami mai tsawo, ko a sa haɗi na musamman mai kwancewa. Mai gaggawa sai ya tanƙwara bututun da ƙarfi ya cusa, ya bar shi a ɗame. Irin wannan yakan yi wata biyu ko uku lafiya. Amma duk ranar da aka sako ruwa bayan yankewa, yakan taho da gudu yana tura iska a gabansa, ya bugi kowane haɗi da kowace kwana, kuma layin Kaduna yana shan wannan bugu sau da yawa fiye da layin garin da ruwansa ke zaune. Inda ƙarfe ya haɗu da roba kuma, a duba wane ne ya shiga cikin wane. Robar ce ya kamata ta shiga cikin ƙarfe, domin ƙarfe mai zare idan aka ɗaure shi cikin roba yakan tsaga ta a hankali.

Iyakar aikin mai gyaran gida ma abin dubawa ce. Huda babban bututun titi aikin ma'aikatan ruwa ne, da kayan da aka yi domin haka. Idan tsohon bututun asbestos ne, yanka shi a bushe yana tayar da ƙurar da ke yi wa huhu illa.

Maganar zurfi da hanya ba ta da tsawo. A Ingila ƙa'ida ita ce kada bututun gida ya gaza santimita 75 a ƙasa, saboda ƙanƙara. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da tifa da tankar ruwa da zafin watan Maris, kuma jar ƙasar Kaduna cike take da tsakuwa da marmara masu kaifi. A shimfiɗa yashi a ƙasan bututun da samansa kafin a mayar da ƙasar ramin. Kada ya kwanta cikin kwata. Idan dole ya ƙetare ta, a zura shi cikin wani babban bututu, ya bi ta sama da inda ruwan damina ke kaiwa, kuma kada haɗi ya faɗo daidai wurin. Tsakaninsa da sokawe da masai a ba da tazara iyakar abin da fili ya bari.

Sa'an nan gwaji, wanda shi ne ya maye gurbin alƙalin da ba ya nan. Hanyar da injiniyoyi ke bi ita ce a toshe bakin layin, a cika shi da ruwa, a fitar da iska, a matsa shi da ɗan famfon hannu mai agogo har ƙarfin ya kai ninki ɗaya da rabi na abin da zai riƙa ɗauka, sannan a zuba wa allurar ido. A bututun roba takan ɗan sauka da farko saboda robar tana buɗewa, sai ta tsaya. Idan ta ci gaba da sauka, akwai yoyo. Na'urar ba ta fi a ɗauke ta a bayan babur ba, amma masu gyaran gida kaɗan ne ke da ita, don ba a tambayarsu.

Wasu sukan ce an gwada da ruwan tankin sama. A yi hattara da wannan. Tsayin mita 10 ne ke ba da ƙarfin da ake kira bar ɗaya, tankin da ke kan ƙarfe mai tsayin mita 6 kuwa bai ma kai haka ba, alhali layin gwamnati a daren da ya zo da ƙarfi yana iya ninka wannan. Ban da haka, a gidaje da yawa bututun da ke tahowa daga titi tankin ƙasa yake zubawa, ruwan tankin sama ba ya bi ta cikinsa sam. Idan babu famfon gwaji, abin da ya rage shi ne haƙuri. A rufe jikin bututun da yashi, a bar wuraren haɗi a buɗe, a ɗora katako a kan ramin saboda yara, a jira ranar da za a sako ruwa. Idan ya zo, a rufe makullin da ke cikin gida domin ƙarfin ya taru a layin, a goge haɗin ya bushe, a naɗa masa busasshiyar takarda, a dawo bayan awa ɗaya. A ganina daidai ne a riƙe wani kaso na kuɗin aiki har zuwa wannan rana, da sharaɗin an faɗa tun kafin a fara, ba bayan an gama ba.

Duk gyaran da aka yi cikin rami yana shigar da laka. Ruwan farko a zubar da shi waje har ya yi garau, kada a bar shi ya faɗa tanki. Idan ruwan kwata ya shiga layin lokacin aikin, sai an wanke shi da kulorin, tankin ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a samu aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a kowace lita a bakin famfo, kuma abin da ya tsira daga Malali zuwa ƙarshen layi ba lallai ne ya isa kashe abin da ramin ya zuba ba.

Ya kamata a yi wa masu gyara adalci. Kaduna ce mazaunin Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke hanyar Mando, nan ne hedikwatar hukumar ilimin fasaha ta NBTE, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga kasuwar Panteka da ta yaye dubban masu sana'ar hannu. Gwanaye ba su ƙare a garin nan ba, kuma akwai masu riƙe da takardar jarrabawar sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. Amma na sha ganin mai gida ya yi ciniki har ya kai mai gyara bango, ya tafi kasuwa da kansa ya zaɓo bututu mafi araha, ya ce a rufe ramin kafin magariba don zai shigar da mota. Wanda ya gasa bakin bututu da leda, wani lokaci kuɗin soket ne aka hana shi. Kasuwar da ba ta tambayar gwaji ba za ta haifar da masu gwaji ba.

Bayan an rufe rami, dabarar Deacon ce ta rage. A gidan da ke da mita, a daren da ruwa ya zauna, a rufe kowane famfo da mashigar tanki, a rubuta lambar da ke kan mitar, a sake dubawa da asuba. Sai dai a sani mita ba ta ganin yoyon da ke tsakaninta da titi, kuma iskar da ke riga ruwa isowa tana juya ta, don haka ba a gwajin a farkon zuwan ruwa. Inda babu mita, a kara dogon sukundireba a kan makullin ruwa, a sa ƙotar a kunne. Layin da ba ya yoyo shiru yake idan an rufe komai, mai yoyo kuwa yana wani siririn huci da ba ya tsayawa. Kada a raina shi. Lita ɗaya a minti ɗaya ita ce lita 1,440 a yini, kusan jarka 58 ta 'yan garuwa mai cin lita 25.

Kafin a mayar da ƙasa kuma, a ɗauki hoton haɗin da waya, a auna nisansa daga ginshiƙin ƙofa da kuma kusurwar katanga, a rubuta zurfinsa da irin bututun da ranar aikin, a ajiye tare da takardun gida. Wannan shi ne zanen da PWD ke ajiyewa a ofis, wanda yau babu mai ajiye wa gidan kowa. Wanda aka yi wa gyara a watan Agusta, lokacin da ko'ina a jiƙe yake kuma yoyo ba ya nuna kansa, sai ya sake bin layin da ƙafa a watan Fabrairu. Idan duk ciyawar unguwa ta bushe amma wani ɗan wuri a gindin katanga ya yi kore shar, ko bulon daɓen ƙofar gida ya fara nutsewa a layi ɗaya, a ɗauko hoton da awon, a tona daidai wurin.